Saura Maɓalli

A duk layin, in ka tambayi gidan tela da sunansa na gaskiya sai a yi ta kallon-kallo. Amma ka ce Saura Maɓalli, ko mai tallan lemo zai nuna maka ƙofar. Shi ya jawo wa kansa sunan, kuma bai taɓa cewa an yi masa ƙage ba.

Shagonsa manne yake da gidansa, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya na kallon tsakar gida. Hannunsa na da kyau, wannan ko wanda ya tsane shi ba zai musa ba. In ya ɗinka maka riga sai ta kwanta a kafaɗarka kamar tare aka haife ku. Abin da ba a sani ba kawai shi ne yaushe. Ka kai masa yadi, a gabanka zai shimfiɗa shi a tebur, ya kushe wanda ya ɗinka rigar da ke jikinka, ya zana da alli, ya sa almakashi. Ka tafi kana murna ka samu mai zafin nama, ba ka san ya yanka ne don kada ka dawo ka ce a ba ka yadinka ba. In ka leƙo bayan an kwana biyu, zai ɗago kai daga keke, tef rataye a wuya, ya yi maka wani murmushi mai sanyaya zuciya.

"Ai an gama, ranka ya daɗe. Saura maɓalli."

Tsofaffin abokan cinikinsa sun san fassarar. In ya ce saura guga, to an haɗa gaba da baya. In ya ce saura hannu, ya tuna inda ya ajiye yadin. In kuwa ya ce saura maɓalli, yadin na ƙarƙashin tebur yadda almakashi ya bar shi. Masu wayo a cikinsu ba sa musu, sai su ja benci su zauna, su ce ba komai, za su jira maɓallin. Waɗannan ne kaɗai suke tafiya da kayansu a ranar.

Wadda ta fi kowa daɗewa a layin jira ita ce matarsa, da manya da yara suke kira Mama. Lokacin da take goyon 'yarsu ta fari ta sayo yadi shuɗi mai ɗigon fari, ta ce ya yi mata riga mai buɗewa ta gaba don sauƙin shayarwa. A yi masa adalci, wannan karon ya ɗinka da gaske, har ya huda wuraren maɓallai. Sai aikin mutane ya taso, ya sa rigar a leda ya rataye a ƙusa bayan keke. Aka yaye yarinyar, ta shiga makaranta, ta gama, ta zama nas, ta yi aure, ta haihu, rigar na ƙusa. Mama ta daina tambaya tuntuni. Sai dai in faɗa ya haɗa su yana neman ya fi ta baki, takan leƙa shago ta ɗaga ido ta dubi ƙusar nan, ta dube shi, ta wuce abinta.

'Yar nan tasu tun tana ƙarama ake ce mata Sifeto, don in ta shiga ɗaki sai ta shafa yatsa a kan tebur ta duba. Aikin asibiti bai rage mata halin ba, ƙara shi ya yi.

Wata safiya Mama na shanya a tsakar gida sai ƙafarta ta dama ta ƙi ɗaukar ta. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Allah ya taƙaita abin, baki ya dawo, har da ƙari in ji Tela, amma hannu da ƙafar dama suka yi nauyi, sai da keken marasa lafiya. Da aka sallame ta, Sifeto ta wuce da ita gidanta can ƙarshen gari. Tela ya ba su 'yan kwanaki, sannan ya ɗauki tasi ya je ɗauko matarsa. Sifeto ta tare shi a falo, har da ba shi kujera kamar baƙo.

"Baba, ba don raini ba, amma Mama ba za ta koma gidan nan yadda yake ba."

"Me ya samu gidan? A cikinsa kika girma."

"Banɗaki yana can ƙarshen tsakar gida. Ƙofar ɗakinta keke ba zai shiga ba, ga matakala a bakinta. A yi mata banɗaki a cikin ɗaki, a faɗaɗa ƙofa, a yi gangare inda matakalar take. Ranar da aka gama, ni da kaina zan kawo ta." Sannan ta ƙara, "Gamawa ta gaskiya, Baba."

Ya dawo gida shi kaɗai. Mutum ne da ya tsufa yana ƙorafin Mama ta cika magana, har yakan ƙara wa keke gudu don kada ya ji ta. Yanzu sai ya tsinci kansa yana tsayar da keken yana kasa kunne. Bai san inda sukari yake ba, bai san wace tukunya ce take yoyo ba sai da ta kashe masa wuta. Ba wannan ne ya dame shi ba. Kewar matarsa yake yi, kewa mai tsanani, kuma yana tsoron in ta saba da gidan 'yarta mai jikoki da masu ɗebe mata kewa, shi ke nan an bar shi da keke da bango.

Sai aka haɗa shi da wani ɗan kwangila mai kiran kansa Injiniya. Ya zo da hular kwano ruwan ɗorawa, waya biyu a hannu, takalminsa ko ƙura babu. Ya ƙwanƙwasa bango da makullin mota ya girgiza kai.

"Wa ya yi muku ginin nan, Baba? Mutane dai ba sa tsoron Allah."

Tela ya ji kamar ya san maganar daga wani wuri, amma bai tsaya tunani ba. Washegari ma'aikata suka zo da guduma, kafin rana ta take sun fasa bangon ɗakin Mama, sun cire ƙofa, sun tona rami a tsakar gida, sun jibge yashi a bakin shago. Tela har ya kira Sifeto yana yabon zafin namansu. Daga ranar ko ƙeyarsu bai sake gani ba.

In ya kira Injiniya, yana hanya. In ya sake kira, motar siminti ce ta lalace. Daga nan aka yi wa birkila rasuwar kakarsa. Da aka jima birkilan ya sake yin rashi, kuma dai kakar ce. Ran nan Tela ya tsaya a kan tarin ɓaraguzai, iska na shiga ɗakin matarsa ta inda ta ga dama, ya kira, aka yi sa'a aka ɗauka.

"Haba Baba, kwantar da hankalinka. Ai aikin nan an gama shi. Saura finishin."

Tela ya sauke wayar daga kunne ya dube ta. Muryar ce sak, har da ɗan sanyin nan na ƙarshe. Ya so ya yi zagi, zagin ya ƙi fitowa. Yadda yake yanka wa mutane yadi haka aka yanka masa bango, kuma ya yaba. Da ya je duba Mama ya ba ta labari, ta yi dariya da rabin bakinta har sai da Sifeto ta zo ta gyara mata matashi.

"Malam, ashe kana da ƙane a harkar gini ba ka taɓa faɗa mini ba."

Ya yi dariya shi ma, amma abin ya zauna masa a ƙirji. Yana dawowa ya hau kujera ya sauko da ledar nan daga ƙusa, ya karkaɗe ƙura. Ya zazzage gwangwanin maɓallai ya zaɓi farare masu kama da juna. Kafin shayin da ya zuba ya huce ya gama ɗinka su duka, kuma wannan saurin ya fi komai ba shi kunya. Sai ya tuna Mama ba siririyar mai goyon nan ba ce yanzu. Ya juya cikin rigar, ya yi murmushi. Duk tela na kirki in ya yi awo yakan ƙara inci biyu, abin da suke kira alawus, ya kalmashe shi a ciki saboda jiki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Shi kuwa hannunsa ya saba har ba ya sanin ya ƙara. Ya farke gefe da gefe ya saki rigar, ya goge, ya ninke ya ajiye.

Washegari ya rufe shago ya ce gini dai ba sihiri ba ne, shi zai yi abinsa. Malamansa biyu ne, bidiyon waya da mai sayar da siminti, kuma kullum maganarsu ba ta haɗuwa. Mai kallo kuwa ɗaya ne, maƙwabcinsa Mai Walda, abokinsa tun ƙuruciya, wanda shi ma yake bin sa wando tun kafin gashinsa ya zube. Yakan ɗauko kujera ya zauna a inuwa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

Filastar farko da Tela ya watsa ta tsaya a bango tana tunani, sannan ta zubo masa a ƙafa. Ta biyu ta zauna, sai dai ta yi ciki. Siminti ya tsattsaga masa yatsu har zare ya riƙa maƙalewa a jikinsu. Ya ɗora bulo layi uku, Mai Walda ya karkata kai ya ce shi dai bai san ko idonsa ne ba, ko bangon ne yake gaishe su. Tela ya rushe ya sake, wannan karon da zaren ɗinki ɗaure da ƙusa yana lilo a gefe don ya ga miƙewar.

Wurin tayil ne ya huce haushi. Inda bututu ya ratsa, ko kwana ta karkace, sai ya yanki takardar buhun siminti ya fitar da fasalin wurin kamar wuyan riga, ya ɗora a tayil ya zana da alli. Ko Mai Walda sai da ya yi shiru.

Aikin ruwa ne ya ce ba zai yi wasa da shi ba, ya nemo mai gyaran famfo. Mutumin ya zo, ya kushe wanda ya tona ramin, ya kwance bututu biyu, ya ce bari ya je kasuwa ya dawo yanzun nan. Tela ya riga shi bakin ƙofa.

"Mu je tare, ɗana. Ni ma ina son shan iska."

Suka je tare, suka dawo tare. Tela ya ja benci ya zauna a ƙofar banɗaki, ya sayo masa burodi da shayi don kada yunwa ta zama hujja. Mai famfo ya ce sauran ɗan abin da ya rage sai gobe. Tela ya ce ba komai, zai jira goben a nan. Kafin rana ta faɗi ruwa na zuba a famfo, kuma yana tafiya inda aka ce ya tafi.

Gangaren ma sai da aka yi shi sau biyu. Na farko, Tela ya shiga baro ya ce Mai Walda ya tura shi a gwada. Hawan ya sa Mai Walda haki, saukowar kuwa a jikin tankin ruwa suka tsaya, baro a gefe, Tela a gefe. Suka ja gangaren ya yi tsawo ya kwanta, Mai Walda ya haɗa masa ƙarfen dafawa, ya sa wani a banɗaki.

Ƙofar ɗakin ce kawai ta rage. Tela ya ciro tef daga wuya ya auna faɗi da tsawo, ya rubuta a tafin hannu, ya karanta wa Mai Walda. Shi kuma ya yi alkawarin ƙofar ƙarfe mai kyau ranar Asabar da safe. Tela ya kira Sifeto ya ce su zo Asabar da rana.

Mai Walda ya cika alkawari, abin da Tela ya ɗauka a matsayin gori. Aka sauke ƙofa sabuwa fil tana warin fenti. Suka ɗaga ta su biyu suka kai bakin ɗaki, ta ƙi shiga. Suka juya ta, ta ƙi. Mai Walda ya ciro nasa ma'aunin ya auna ƙofa, ya auna gurbin, ya sake aunawa.

"Mutumina, inci biyu ta fi, a faɗi da tsawo. Ni kuwa abin da ka faɗa na yi."

Tela ya dubi tafin hannunsa, inda rubutun ya daɗe da gogewa.

"Alawus," ya ce a hankali.

"Ala me?"

"Na ƙara mata alawus."

Mai Walda ya zauna a kan bulo ya riƙe ciki. "Ƙofar ce za ta yi ƙiba? To ƙarfe dai ba ya kalmasuwa. Sai na mayar da ita na yanke na sake haɗawa, ga fenti. Kwana uku."

Ba su gama jingine ta a bango ba suka ji tsayuwar mota.

Sifeto ta turo Mama a keke. Gangaren ya ɗauke su lafiya lau, keken ya shige gurbin ƙofar ba tare da ya taɓa ko'ina ba. Ta bar Mama a tsakiyar ɗaki ta shiga aiki. Ta buɗe famfo ta rufe. Ta zuba ruwa a ƙasa ta tsaya ta ga inda ya bi. Ta rataya da dukan nauyinta a ƙarfen dafawa. Ta shafa yatsa a kan tayil ta duba. Sannan ta dawo ta tsaya a inda ƙofa ya kamata ta kasance, ta dubi wadda ke jingine a waje, ta dubi ubanta.

"Baba, an gama?"

Maganar ta zo masa har bakin leɓe, a shirye, da murmushinta da komai. Bai taɓa neman ta ya rasa ba. Ya haɗiye ta.

"Ba a gama ba," ya ce. "Ƙofar ta yi yawa, kuma ni na ɓata awon. Mai Walda ya ce kwana uku, ki ɗauka mako guda. In kin ce ta koma, ba ni da bakin magana." Ya dubi yatsunsa da suka tsattsage. "Amma gidan nan ba ya zaunuwa, Sifeto. Na gwada."

Tunda Sifeto take ba ta taɓa jin ubanta ya ce ba a gama ba, sai ta rasa inda za ta kama.

"Ɗaki babu ƙofa, Baba. Ga sauro, ga iska."

Mama ba ta ko sauraren su. Idonta na kan gado, inda aka ninke wani abu shuɗi mai ɗigon fari. Ta miƙa hannun hagu ta jawo shi kan cinyarta, ta warware, ta bi maɓallan da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Sifeto ta matso kusa da ubanta ta rage murya. "Baba, ai hannunta ba ya iya maɓalli yanzu. Duk rigunanta na zurawa na mayar da su."

Wannan bai zo masa a rai ba ko sau ɗaya. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya miƙa hannu zai karɓi rigar. "Kawo na cire su, in sa miki zif, yanzun nan."

Mama ta danne rigar da gwiwar hannu. "Ka taɓa ta mu ɓata. Na san yanzun nan ɗinka." Ta juya ga 'yarta. "Ke kuma sauko mini da jakata daga mota. Tun ina goyonki nake zaune da abin da ba a gama ba, ban mutu ba. Ubanki tela ne, ya yi mana labule."

"Mama, rigar fa? Wa zai riƙa ɓalla miki?"

"Wanda ya ɗinka su."

Sifeto ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ga an fi ta yawa. Ta ce ranar Asabar mai zuwa za ta dawo, in ta tarar da labule a maimakon ƙofa, da Mama da keken da rigar duk za ta kwashe. Mai Walda ya ce shi shaida ne, kuma tunda abin ya zama haka, a tuna da wandonsa.

A yammacin nan aka ji keken ɗinki na gudu a shago kamar ana bin sa. Labule mai kauri ya hau, da gidan sauro a bayansa, kuma ya zauna daidai, don a labule alawus ba laifi ba ne.

Da safe Tela na shago yana laluben wandon Mai Walda a ƙarƙashin tebur, sai ya ji muryar da ya yi ta kasa kunne yana jira ta ratso tsakar gida.

"Malam."

Ya fito da sauri har yana tuntuɓe da baro, ya ɗaga labule. Tana zaune a bakin gado, ta zura hannuwa da kanta, shuɗiyar rigar ta kwanta a kafaɗarta daidai, gabanta a buɗe a kan 'yar shimi. Ta ɗaga haɓa, rabin bakinta na dariya.

"Saura maɓalli."

Ya durƙusa a gabanta, ya fara daga na ƙasa. Yatsun da siminti ya cinye suna kuskure ramin, idonsa kuma ya ƙi ba shi haɗin kai. Mama ta ce ya bi a hankali, ba inda za ta.